Ɗigo Biyu a Ɗakin Duhu

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙafar taki? Ina fatan shan maganin kike yi, ba ajiye shi a kan firji yana kallonki ba.

Na ji kina faɗa wa maƙwabta wai wankin kwalabe nake yi. To ga aikin. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne masu rabuwa gida biyu. Akwai wata ƙwayar gado da ke ba su umarnin rabuwar; idan ta yi yawa sai su ƙi tsayawa, shi ne ciwon daji. Ni kuma ina haɗa wani sinadari, muna ce masa ɗan aike, ya shiga ya nemo ta, ya manne mata, ya fito kamar ɗigon haske a madubin bincike mai ƙara girman abu. Likita ya duba yawan ɗigon, ya san maganin da ya dace.

Amma Inna, ɗan aiken ya ƙi aikuwa. A kan ɗan gilashi nake shafa ƙwayoyin in duba, amma gilashi bayan gilashi, baƙi ƙirin. Farfesa, shugabanmu a wurin aiki, ya ce in bai haska ba kafin ƙarshen wata, za a koma tura gwajin ƙasar waje, marasa lafiya su yi ta jira ciwo na cin su. A sa ni a addu'a.

Autarki

Innata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida ƙafa. Albishirinki, ya haska!

Ashe zafin da nake ba gilashin ne bai isa ba, ɗan aike bai samu ƙofar shiga ba. Ba a fara gwaji da mara lafiya sai an ga na lafiyayye, ni kuwa kin san gajen haƙurina, na miƙa hannu aka ɗebi jinina.

Na kashe fitila, don haskenta na dusar da na ɗan aike, na leƙa. Ɗigo biyu a kowace ƙwaya, ja wur! Farfesa, wanda yabo ke yi wa wuya, ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce daga yanzu a nan za a riƙa gwajin. Wallahi kaina ya kumbura, kuma ban ɓoye ba.

Da kowa ya fita na sake leƙawa. Kin san me ya sa biyu ne? Kowa ɗaya yake gada daga uwa, ɗaya daga uba. Ɗaya naki ne, Inna. Ɗayan na marigayi Baba ne, ga shi nan yana haske kusa da naki. Na zauna ina kallonku har hasken ya dushe.

Taki har kullum,
Auta