Addu'ar da Kika Yi a Gindin Tsamiya

Zuwa ga Yaya Hannatu, a Kaduna.

Bayan gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina yi miki ta'aziyya. Takardarki ta iso hannuna ranar Laraba. Na karanta cewa motar man fetur ta faɗi ta kama wuta a hanyar Zariya, ta haɗa da motar maigidanki, shi da ɗanki Yohanna ba wanda ya fita. Kin ce in zo. Kin ce ni kaɗai na rage miki.

Na ɗauki alƙalami don in rubuto miki magana mai sanyi, hannuna ya ƙi. Shekara shida ina riƙe da wata magana, in ban sauke ta a takarda ba, da ita zan shigo miki gida.

Kin tuna daminar da motar kasuwa ta kife a kogi? Ke labari kika ji, mu a kanmu ta faɗa. Maza sun taso daga kasuwar Gwaram za su komo ƙauyenmu na bayan Sara, ruwan da aka yi a tudu ya cika kogin, motar ta shiga, ruwa ya juya ta. Maigidana, baban Tabita, yana ciki. Malam Habu mai awo, mijin maƙwabciyata Uwani, shi ma yana ciki. Nawa an tsamo shi a ranar. Na Uwani ruwa ya tafi da shi, aka yi ta bin gaɓa ana nema.

Ranar kwana biyar kika iso a sabuwar motar maigidanki, ke da matan majami'arku biyu, kun ci anko, ga mai hoto, ga ƙunshin atamfa. Da na ji ƙarar motar na fito ko ɗankwali babu, na ce ga yayata ta zo. Kika dafa kafaɗata, kika ɗan janye jikinki, kika ce, "Rahila, share fuskarki. Mai bi ba ya irin wannan kuka. Kada ki ba mu kunya a gaban baƙi."

Ba ki shiga ɗakina ba. Ba ki tambayi inda aka binne shi ba. Kika sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, kika aika a kirawo duk matan da suka rasa mazansu. A nan aka yanke miki cibi, Yaya. Kin san gidajen masu bi a ƙauyen nan ba su wuce huɗu ba, kin kuma san Musulma mai takaba ba ta fita sai da dalili. Da aka tuna miki, kika ce wadda ba ta fito ba, ba ta da zani. Uwani ba don zani ta fito ba. Don ni ta fito, kada a ce ta wulaƙanta yayar ƙawarta.

Sai kika ɗaga hannu kika fara addu'a, rabi Hausa rabi Turanci, har inuwa ta matsa ta bar mu a rana. Kika ce Allah ya aiko ruwan nan ne don ya gargaɗi gari mai taurin zuciya. Kika ce waɗanda suka tafi ba su tuba ba sun riga sun makara. Wannan da Hausa kika faɗe shi, don kowa ya ji. Kika faɗe shi a gaban matar da ko gawar mijinta ba ta gani ba.

Na buɗe ido. Uwani ta ninke zanin da kika ba ta, ta ajiye a kan tabarma, ta dube ni ta ce, "Rahila, sai an jima." Mai hotonku ya ce a matso a cike wurin. Kafin la'asar kun tafi, wai hanya ba kyau.

Kika bar mu da garin. Matan da muke zuwa rijiya tare suka daina amsa mini gaisuwa. Ina makokin miji, ina kuma jin kunyar fita ƙofar gida. Wane ne ya aike ki? Wane ne ya ba ki mabuɗin sama da har kika san wanda ya makara?

Inna mahaifiyarmu, da ciwon gwiwarta, ita ta kwashe abin da kika zubar. Washegari ta ɗauki taɓarya ta nufi gidan Uwani. Surukar Uwani ta tare ta a zaure ta ce, "Wa'azin ne bai ƙare ba?" Inna ta ce, "Daka na zo yi." Kullum da safe sai ta je, ta daka gero, ta ɗebo ruwa, ta yi wa yara wanka, ta komo. Ranar da aka samo Malam Habu a cikin ciyayin gaɓa, can ƙasa, a jikin Inna Uwani ta faɗi. Sai da Uwani ta ce, "Inna, ki roƙa mini Allah," sannan Inna ta buɗe baki. Ina wurin. Cewa ta yi, "Ya Uba, ga Uwani. Ka ga abin da ya same ta. Mu ba mu san abin da za mu ce mata ba, kai ka riƙe ta." Iyakarta ke nan. Uwani ta ce amin, surukarta ma ta ce amin.

Har ta rasu Inna ba ta zage ki ba, sai dai ta ce birni ne ya ruɗe ki. Ni ban yarda ba. Birni bai sa miki magana a baki ba. Da ta rasu ma direba kika aiko da buhun shinkafa. Uwani ce ta kwana bakwai a ɗakina.

Zan gaya miki abin da ba ya mini daɗin faɗi. Da na gama karanta takardarki, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne, yau ta ɗanɗana. Na kai wa Uwani takardar ina fatan ita ma ta ce haka. Sai ta ce, "Yaron ya yi aure?" Na ce ya yi, matarsa ma ciki gare ta. Ta ce, "To mata biyu ke nan a gidan babu mai dafa musu. Me kike jira? Kawo mini Tabita." Ta ƙulla miki daddawa da kuka, ta ce in ce miki Allah ya ba ki haƙuri.

Na koma gida na yi kuka, wannan karon don ke. Ke kika riƙe mini hannu na koyi rubutun nan da nake yi miki faɗa da shi. Yohanna a bayana ya yi barcinsa na jarirai. Na san abin da ke jiranki, Yaya: za ki auna tsaba ta mutum huɗu ki tuna, za ki ji mota ta tsaya a waje ki miƙe. Ba na so ki sha wannan ke kaɗai.

Ranar Litinin zan hau mota a Birnin Kudu, in kwana Kano, in iso miki Talata in Allah ya yarda.

Ya Uba, ka dubi Hannatu da surukarta da abin da ke cikinta. Ka dubi duk macen da wuta ko ruwa ya maishe ta ita kaɗai, a gidan masu bi da gidan Musulmi. Ni kuma ka san ban gama yafewa ba. Hanyar Kaduna tana da nisa, ka ƙarasa mini kafin in sauka. Cikin sunan Yesu, amin.

Ƙanwarki,
Rahila