Kakin Baba da Zaren Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Akwai abin da na yi miki na ɓoye shekara da shekaru, yau zan faɗa.

Ba ki ga zuwan dam ba, kin huta. Shekara biyu da rasuwarki aka tashe mu daga tsohuwar Maradun, muka raɓa a ɗaki ɗaya a Talata Mafara. Gonar Malam Sani, maigidana, ruwa ya haɗiye ta. Damina biyu ba mu shuka ko ƙwaya ba. Itatuwan da Baba ke rataya amya, katafila ta tumɓuke su. Gadona kaf curin kakin zuma uku ne da kwandon zarenki da gwadonki.

Wata Alhamis Malam ya ce Gwaggo Ige ta Damaga za ta zo cin kasuwa ran Talata, ta tafi da Hadiza riƙo. Ɗiyata ɗaya tilo, shekararta biyar! "Ba ƙiyayya ba ce, Rabi, baki ɗaya ya ragu," in ji shi. Kin san Gwaggo, wanda ta riƙa ba ya dawowa.

Maƙwabciyata Maman Bulus, Kirista ce, mijinta yana aikin dam. Ta ga kakin, ta ce kananzir ya yi wuya, cocinsu na neman kyandir. In na yi ashirin masu ci da kyau kafin Lahadi, za ta riƙa karɓa duk mako, ta auna mini dawa. Sau ɗaya ta nuna mini yadda ake zuba kyandir a guntayen bututun roba. Malam ya ce in ya ga dawar da idonsa, yarinya ta zauna.

Inna, na sha wuya! Na farko da na kunna sai tartsatsi yake yi, ashe akwai sauran zuma da ƙafafun ƙudan a ciki. Na tace da tsohon kallabi. Garin gaggawa na tsoma bututun a randa don ya yi saurin daskarewa, duk suka daddare. Wasu suka maƙale ƙam, sai da na gane a shafa man gyaɗa kafin zubi. Duk narkarwa kuma kaki raguwa yake, wani ya ƙone a gindin tukunya. Kafin azahar ta Juma'a curi guda ya tafi.

Lagwani ne ya kusa kashe ni. Na ɗauko arafiyarki, zaren nan siriri mai tauri da kike alfahari da shi. Ina jin muryarki: "Ni ban kaɗin abawa, wanga aikin masu ƙiwa ne." To wa zai sa zare mai kauri a kayan sayarwa, ga na ƙwarai? Sai wutar ta kama 'yar mitsitsiya, ta haƙa rami a tsakiya, kaki ya taru, ta nutse. Na ninka uku, haka. Na ninka shida, sai hayaƙi. Hadiza na gefe tana tambaya ko Damaga da nisa, na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta.

Asabar da rana Maman Bulus ta murza zaren a yatsa. "Ya yi kyau da yawa, ba ya shan kaki. Nemo mai kauri, mai laushi." A ina? Kasuwa sai Talata, kuma duk unguwar ba mai ko dunƙulen auduga. Na shiga gida biyar, na fito hannu rabbana. Curi ɗaya ya rage da ɓarɓashi.

Sai idona ya kai kan gwadonki, wanda kika lulluɓa da shi a ciwon ajali. Ban taɓa wanke shi ba, don ƙamshinki. Saƙar abawa ce. Na sa wuƙa a bakinsa. Na zaro sili uku, na kitse su kamar gashi, na tsoma a kaki, na rataye da ɗan dutse har ya miƙe.

Na rufe ƙofa saboda iska, na kunna. Wutar ta lanƙwashe, na ce shi ke nan, sai ta miƙe tsaye. Daga la'asar har rana ta yi ja ba ta mutu ba. Sha bakwai kawai kakin ya bayar, Maman Bulus ta karɓa a haka.

Ran Talata Gwaggo ta iso, Malam ya riga ya ɗaure ƙunshin kayan yarinya. Na dire kwanon dawa a gabansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sunkuya ya kwance ƙunshin. Gwaggo ta tafi da fushi, har ta rasu ba ta amsa gaisuwata.

Daga nan na riƙa rage dawar ina sayen kaki a kasuwa. Gwadon kuwa wata uku ya yi yana ƙarewa sili-sili, har babu ko ƙyalle. Abin da kawai ya rage mini mai ƙamshinki, ni na ƙona shi da hannuna. Ki yafe mini, Inna. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, da za a sake, zan sake. A ɗakina Hadiza ta girma, ni na wanke ta ranar aurenta.

Allah ya jiƙanki, ya kai haske kabarinki, ya haɗa mu inda ba a raba uwa da ɗiya. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi