Safar Auta

Zuwa ga Yayarsu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya ƙafar ƙaramin? Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba kan ƙanwarki Auta.

Tun da ta fara aiki a shagon gyaran farcen nan ta canja min. Kullum ta dawo sai ciwon kai, abinci ta ce yana tayar mata da zuciya. Jiya da yamma ta yi amai a bayan ɗaki, ta ɗauka ban ji ba. Ni da na haifi shida za a ɓoye wa amai? Ga wata safa da ta ɗaura wa aure, cikin zafin nan ba ta cire ta. Wanka ma da ita take shiga ta fito. Na ce Auta ko zinariya ce a ƙafar, ta yi dariyar yaƙe ta wuce.

Ba na son in faɗi abin da nake zargi, ke ma uwa ce. Ki kira ta ki bugi cikinta, amma kar ki ce ni na sa ki. Babanku bai san komai ba.

Ki gaida kowa.
Mamanku

Yayarsu,

Ina fata kun tashi lafiya. Kin ce ba ki samu komai a bakinta ba, to ni na je shagon da ƙafata, na ce wucewa nake yi na leƙo.

Ɗaki ne kamar akwati, ba taga, fanka ɗaya tana juya wari. Kafin in zauna idona ya fara ruwa. Madam ɗin ta tarbe ni, Mama kaza Mama kaza, haƙora duk a waje, ni kuwa yawan fara'a ba ya ruɗa ni. Bayan labule na hango wata jarka ba rubutu a jiki, ana ɗura jan farce daga ciki zuwa ƙananan kwalabe masu kyau. Da ta ga inda nake kallo sai ta ja labulen.

Muna dawowa gida na zaunar da Auta na ce yau sai safar nan ta fita. Yayarsu, farcen babban yatsa ya yi rawaya, ya yi kauri, ya ɗaga daga nama, an mulka masa ja an rufe. Ashe duk sabuwar jarkar da aka kawo a ƙafar yaran shagon ake fara gwadawa, don in a hannu ne masu zuwa za su gani. Kuma da abin yankan farcen da ake yi wa kowa aiki da shi ake kankare musu. Da ya lalace Madam ta ce ta ƙara shafawa, ba wanda zai sani.

Allah Ya yafe min abin da na zata. Gobe za mu asibiti.

Mamanku

Yayarsu,

Gaisuwa mai yawa, ya yara? Nas ta ce cuta ce ta shiga ƙarƙashin farcen, sai an bar shi a buɗe wata da watanni ana sa magani, ciwon kan da aman kuma ta ce warin shagon ne. Auta ta koma aiki da silifas, farce a fili. Madam ta ce ko ta rufe shi ko ta kama hanya, wai za ta kore mata mutane. Auta ta ɗauki jakarta.

Kwana biyu ba ta yi min magana ba, wai na raba ta da sana'arta. Na ce sana'ar tana hannunki, shagon kawai kika bari. Shekaranjiya Madam ta kira da daɗin baki, wai ta dawo an yi mata uzuri. Ni na san ba ƙauna ba ce, tsoro take kar Auta ta yi magana a waje. Auta da kanta ta ce mata a'a, kuma ta ce wa sauran yaran su je a duba su.

Yau da safe ta fito da kujera tsakar gida inda iska take, ta ajiye baho, ta ce Mama miƙo ƙafa, ke ce ta farko. Na miƙa. Amma sai da ta tafasa abin yankan a gabana tukuna.

Ki sa ta a addu'a.
Mamanku