Kaskon da Ka Ɓoye Mini a Bakin Teku

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai muna nan lafiya, ni da Ummi. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, ban taɓa ɗaukar biro na rubuta maka ba sai yau, kuma ba zan ɓoye maka ba, ƙorafi na kawo.

Tun ranar Lahadi da muka dawo daga bakin teku na kasa zama wuri ɗaya. Na share falo sau biyu, na zazzage kabad na mayar, na fita sayen albasa a shagon titin Wendover na dawo babu albasar. Ummi ta ce in zauna in huta, ni kuwa zaman ne ya gagara.

Ka tuna yadda kake kwasarmu duk shekara idan an ba ka hutun sati ɗaya a wajen aiki? Awa uku da wani abu daga Greensboro har bayan Wilmington, gwangwanin yaji a jakata, darduma a but ɗin mota. Ba ka tsayawa ko'ina sai gidan kifin nan na katako da ke kan ruwa, wanda kake rantsuwa ko a Yauri ba ka ci irin suyarsu ba.

Da mun isa sai ka ce, "Ku jira ni, in duba ko akwai wuri." Ka shige ka bar mu a mota kusan rabin awa, zufa na karyo mana. Ni kuwa in ta mita, ina cewa ka samu Turawa kana ba su tarihin Najeriya tun daga farko. In ka fito sai ka bi da mu ta matakalar gefe, kai tsaye zuwa barandar waje, kana cewa, "Iskar ta fi daɗi ta nan." Shekara tara ban taɓa bi ta ƙofar gaba ba, ban taɓa riƙe takardar abincinsu ba. Kifi kawai nake gani a gabana, in barbaɗa yaji in ci.

Bana Ummi ta matsa sai mun je, ita ta tuƙa. Da yake babu mai cewa mu jira, sai muka shiga ta ƙofar gaba kamar kowa.

Malam, ashe rabin ɗakin mashaya ce. Kwalabe jere har sama, maza zaune a kan dogayen kujeru. Na ja mayafina na wuce baranda da sauri. Aka kawo takarda, Ummi ta karanta, sannan ta juyo da ita ta ɗora yatsa a kan layin. Kifin nasu, a cikin ƙullin fulawar da aka kwaɓa da giya suke tsoma shi kafin a soya.

Shekara tara! Na tuna yadda muke tashi daga cin kifin nan mu shimfiɗa darduma a gefen mota. Na tuna gidajen da ka tura wurin da bakinka, har Hajiya Zuwera 'yar Maraɗi da iyalinta. Na ji haushinka, Allah Ya yafe mini, haushi irin wanda ban taɓa ji ba kana da rai. Na ce a raina kana can kana surutu ashe ko tambaya ba ka taɓa yi ba.

Na miƙe zan tafi ke nan sai ga wata tsohuwa baƙar fata, mai girkin wurin, ta fito tana goge hannu. Gwangwanin yajin da na ajiye a kan tebur ta gani. Ta dubi Ummi, ta tambaye ta ina mai hular nan, shekara biyu tana zuba ido. Ummi ta gaya mata. Tsohuwar ta zauna a kujerarka.

Ita ta ja hannuna har kicin. Ta ce zuwanka na farko ka tambaye ta abin da ke cikin ƙullin, ta gaya maka gaskiya, ka juya za ka fita. Sai ka tsaya a taga kana kallon motarmu, Ummi ta manna fuska a gilashi tana kallon ruwa. Ka dawo ka roƙe ta ta soya mana da garin masara da sabon mai. Kowace shekara kana tsaye har sai an wanke kasko an zuba man a gabanka. Wannan ne tarihin Najeriya da nake cewa kana bayarwa.

Sannan ta nuna mini kaskon, a rataye shi kaɗai a ƙusa. Ta ce kai ka kawo shi a shekara ta biyu, kuma naman alade bai taɓa shiga cikinsa ba.

Malam, kaskona ne! Baƙin kaskon ƙarfen nan mai lanƙwasasshen hannu, wanda na yi ta cewa Hajiya Zuwera ta ara ta ƙi dawowa da shi. Kana zaune nake zaginta a bayan ido, kai kuwa sai ka ce, "A yi haƙuri, yana inda yake da amfani."

Jiya na kira Hajiya Zuwera neman gafara. Dariya ta yi har da tari. Ta ce kowa ya sani, duk wanda ka tura sai ka ce ya shiga tukuna ya nemi kaskon Malam. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Abin da ya hana ni zama ke nan. Don me ba ka gaya mini ba? Ina tambaya, amma na san amsar. Da na leƙa ɗakin nan sau ɗaya, da na ce a juya mota, kuma da ba mu sake zuwa ba. Ka san halina, ka kuma san yarinyar nan tun watan azumi take lissafin kwanakin tafiyar. Har yanzu ban yanke ko ka yi daidai ba. Wani lokacin in ce ka ha'ince ni, an jima kuma in tuna kana tsaye cikin zafin kicin ɗin mutane saboda mu, ni ina mota ina mita. Kunyar wannan ta fi damuna, kuma babu inda zan same ka in ba ka haƙuri.

Mun ci kifin, in kana son sani. A baranda, a kaskonmu, Ummi na ci tana share hawaye. Da za mu tafi tsohuwar ta tambaye ni ko zan ɗauki abina. Na sauko da shi, na riƙe, na mayar kan ƙusar.

Allah Ya jiƙanka, Baban Ummi, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Tsayuwar da ka yi domin abin da zai shiga cikinmu ya zama halal, Allah Ya sa ka same ta a mizani. In akwai kuskure a ciki Ya yafe mana baki ɗaya.

Baɗi in muna raye za mu koma. Na riga na gaya wa Ummi, ita za ta jira a mota, ni zan shiga in duba ko akwai wuri.

Taka har kullum,
Maman Ummi