Mota Ruwan Toka

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma wata mota ruwan toka ta zarce ni ina tsaye da bas ɗin makaranta, jar fitila na walƙiya, yara na tsallaka titi. Na danna hon har tafin hannuna ya yi zafi. Ko a jikinta. 'Yan sabbin gidajen nan ne, masu sammakon zuwa aiki birni. An yanka gonar Hadley an jera musu gidaje kamar kwalin ƙwai, motocinsu ma duk kala ɗaya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kira 'yan sandan gunduma. Matar da ta ɗauki wayar ta ce ɗan sanda ɗaya ke gare su a duk arewacin gundumar, tunda bara mun ƙi ƙuri'ar ƙarin haraji. Kamar ta san abin da ni da mijina Orrin muka jefa. Shi kuwa ya fito da tarakta da sassafe ya hau tsakiyar titi yana jan jiki, motoci jere a bayansa har gada. Ya dawo yana dariya. Ni ma na dara.

Talata, 14 ga Oktoba

An kaɗe Wrenna, 'yar gidan Stoltz. Shekararta bakwai. A gabana. Ƙarar na fara ji. Ƙashin ƙafarta ya huda wando ya fito, jini na bin kwalta. Na cire bel ɗina na ɗaure mata cinya, tana ta kiran uwarta. Motar ba ta tsaya ba. Rana na cikin idona, ruwan toka kawai na gani, haka na faɗa wa kowa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Wrenna tana raye. Ƙafar ce ba tabbas.

Maza sun gama yanke hukunci a kantin abincin dabbobi. Orrin ya ce wani Devlin ne, mai tabarau, daga sabbin gidaje. Na tambaye shi hujja. Ya ce, "Tunda ya tare nake ɗaga masa yatsu daga kan sitiyari, bai taɓa amsawa ba. Wanda bai ga ƙato irina ba, yarinya zai gani?" Na ce masa 'yan birni ba su san wannan gaisuwar ba, kuma 'yar Devlin ɗin, Paige, ni nake ɗauka a bas. Ya ce, "Ke dai ja bas ɗinki, Lorna."

Juma'a, 17 ga Oktoba

Sun mirgino curin ciyawa suka tare hanya kusa da gada. Su biyu, fuska a rufe da hular farauta. Ina baya da bas cike da yara. Suka fasa gilashin motar Devlin, suka fizgo shi ta taga, ɗaya ya riƙe, ɗaya na zuba masa ƙarfen canza taya a fuska da haƙarƙari. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa. Na yi wa yara tsawa su sunkuyar da kai. Paige ba ta sunkuya ba, ta manne da gilashin bas tana dukansa.

Mai ƙarfen yana ɗingishi da ƙafar hagu. Na san ranar da saniya ta take ƙafar nan, ni na kai Orrin asibiti.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ɗan sanda ya zo. Na ce ban gane kowa ba. Orrin na cin ƙwai a kicin, bai ko ajiye cokali ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

An samu motar da ta kaɗe Wrenna. A ɗakin ajiyar kayan gonar tsoho Emmett, wanda ke zama a bayanmu a coci, an lulluɓe ta da tamfol. Idonsa ya daɗe da mutuwa, duk mun sani, ba wanda ya iya ce masa ya ajiye makullin mota. Shi da ke gaida kowa a hanya, har shanu.

Devlin ya rasa ido ɗaya, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Orrin ya ce ai ko ba shi ba ne, yanzu 'yan sabbin gidaje sun rage gudu. Na ji tsanarsa har cikin haƙorana. Ban taɓa rubuta haka ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Paige ta dawo makaranta. Ta tsaya a matakalar bas ta ce, "Mis Lorna, ke ma kin gani, ko?" Na ce ta wuce ta zauna. Har muka isa tana kallona ta madubi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Bayan na sauke yara na biya ofishin 'yan sanda. Zancen sa wa bas kamara ne ya kai ni, ba wani abu ba. Na daɗe a ciki dai, har sun ba ni kofi, sun ɗauko na'urar naɗar murya.

A gidan yayata Nadine nake yanzu, ya fi kusa da garejin bas. Kaya kaɗan na ɗauko. Orrin ya kira ɗazu, wai ina na ajiye maganin ƙafarsa. Na gaya masa yana saman firij, na ce ya sa cikin aljihu, zai buƙace shi inda 'yan sanda za su kai shi.