Akuyar Cikin Faifan Tanimu

Kurudu, Abuja
Litinin, 3 ga Maris

Maman Kauthar,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mai jego da jaririyar da ta ƙwace mini ke. Allah ya raya ta, ya ƙara wa Kauthar lafiya. Ni lafiya lau, sai dai tuwona har yanzu da gudaji.

Albishirinki, littafin ya kammala! Felicity, editar kamfanin ɗab'in, ta ce ranar Juma'a za a fara bugawa. Shekara goma ke nan kina fama da ni da faifan Tanimu Mai Garaya, wanda wani Bature ya ɗauka a 1958, har kika haddace shi ba da son ranki ba. Kin san abin da na ɗora littafin a kai: makaɗan zamanin da suna kiɗa da sauri, suna waƙa da siririyar murya, na yanzu ne suka sassauta. Da wannan magana na zama Dakta, da ita na tsaya gaban manyan malamai ina ɗaga kafaɗa.

Ga wani ƙarin daɗi. Wani direba da muke salla tare ya ce ɗan Tanimu yana raye, Alhaji Maliki, dillalin shanu a kasuwar Dei-Dei. Gobe zan je in kunna masa muryar mahaifinsa, in ɗauki hotonsa don bangon littafi.

Ki gaida mutanen gida duka.

Mijinki,
Zakariyya

Kurudu, Abuja
Alhamis, 6 ga Maris

Maman Kauthar,

Bayan gaisuwa da fatan kuna nan ƙalau, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, don na san za ki yi dariya har ki ƙware.

Na sami Alhaji Maliki a rumfarsa, dattijo mai shekara saba'in da wani abu. Ya yi mini shimfiɗa, na buɗe kwamfuta na kunna. Ina jiran hawaye, sai na ga yana kallona kamar na kawo masa saniya mara lafiya. Ya ce waƙar dai ta babansa ce, amma wannan mai ƙanƙanuwar muryar bai san shi ba. Na fara yi masa bayanin malamai. Bai kula ni ba, ya ce in maimaita wani wuri.

Kin tuna akuyar da ke kuka a tsakiyar faifan, wadda har a littafin na ambata? Sau uku ya saurare ta. Ya ce shekara hamsin yana cikin dabbobi, wannan ba akuya ba ce, bijimi ne, an dai hanzarta shi.

Maman Kauthar, gumi ya karyo mini. Nan take na gane. Batirin na'urar Baturen ne ya yi sanyi lokacin ɗauka, zaren da ke naɗar muryar ya riƙa tafiya a hankali, mu kuma muka zo muna juya shi da cikakken gudu. Shekara goma ina rubuta tarihin mataccen batir!

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta raya mini in rufe kwamfutar, in yi godiya, in tafi. Wa zai sani? Amma na kasa. Na shiga rage gudun kaɗan-kaɗan, Alhaji yana yi mini alama da hannu in ci gaba, har akuyata ta koma bijimi. Garayar ta nutsu. Sai ga wata murya kakkaura, mai sanyi, ta cika rumfar. Dattijon ya cire hularsa ya riƙe. Da Tanimu ya kai ƙarshen baiti, sai ɗansa ya karɓi amshi. Dillalai suka bar ciniki suka kewaye mu, wani ma ya taka rawa da sandarsa. Ni ma na yi amshin, da wannan muryar da kike cewa tana korar kaji.

Jiya na kira Felicity na ce a dakatar da bugu. Ta ce mini oga sau biyar, kowanne da irin nasa ɓacin rai. Babi huɗu za su tafi, kuma dole in tsaya gaban malaman nan in ce na yi kuskure. Kunyar tana nan, ba na musu. Amma wallahi rabon da in yi farin ciki irin wannan tun ranar da aka haifi Kauthar. Alhaji ya ce akwai waƙoƙi goma sha ɗaya a kansa da babu su a kowane faifai, in zo ran Asabar da littafin rubutu.

Ki dawo da wuri, don Allah. Ke ma shekara goma kina jin mutumin nan a ɗakinki, kuma ba ki taɓa jin muryarsa ba. Ina so mu saurare shi tare.

Ki shafa mini kan amaryata.

Mijinki mai kewarki,
Zakariyya