Jinin da Ya Ƙi Sauka Ƙafar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya raya mana yaran. Mu nan da sauƙi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da mitar da ka sani, Auta kuma ta gama jarrabawa, sai barci da cin abinci take yi mana.

Yaya, na zauna rubutu ne domin a waya Baba yana kusa, ba na iya sakin baki. Ciwon ƙafar nan da yake ce maka ɗan ƙurji ne, wallahi ba ƙurji ba ne. Allura ya taka a shago, ya yini yana taka keken ɗinki bai ji komai ba, don ciwon sugansa ya kashe masa jin ƙafar. Sai da Inna ta ga jini a safarsa muka sani. Yanzu rami ne a ƙarƙashin babban yatsa, kullum ina wankewa ina ɗaurewa, amma ko alamar haɗewa babu.

Makon jiya likita ta tura mu ɗaukar hoton yadda jini ke gudana a ƙafar. An kwantar da shi a wani ɗan ɗaki, aka sa masa wani ruwa a jijiyar hannu, aka kashe fitila, aka saita na'ura a saman ƙafar. Likitar ta ce in duba allon: duk inda jini ya kai zai yi haske. Ina tsaye ina kallo, ƙauri ya haska, dunduniya ta haska a hankali, sai hasken ya tsaya a tsakiyar tafin ƙafa. Yatsun suna nan baƙi ƙirin. Na yi ta jira ko hasken zai ƙarasa, amma bai ƙarasa ba. Ta yi mana bayani cewa daga wannan hoton suke hasashen ciwon da zai warke da wanda ba zai warke ba, kuma na Baba ba zai haɗe da wanki da ɗauri kaɗai ba, tunda jini ba ya sauka zuwa yatsun.

To, wannan kalma ta “sauka” ita ta kusa hallaka mu. Ka san shekara da shekaru ana ce wa Baba jininsa ya hau, ya sha magani ya sauka. Shi kuwa sai ya haɗa lissafinsa irin na tela: jini ya hau sama ya bar ƙafa, ga kuma ƙwayar da ke saukar da shi a aljihu. Bai gaya wa kowa ba, ya riƙa ninka maganin hawan jininsa. Ranar Laraba yana miƙewa daga kan kujera jiri ya kwashe shi, ya faɗi a bakin ƙofa, goshinsa ya fashe. Da muka koma asibiti har gardama ya yi wa likita, wai ita da bakinta ta ce jinin ne bai sauka ba. Baiwar Allah ta riƙe kai, ta ce laifin bakinta ne. Ta sake warware masa cewa hanyar jinin ce ta toshe kamar bututun famfo, kuma ninka ƙwayar ƙara rage wa ƙafar ɗan abin da take samu ya yi. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na yi kukan.

Yanzu ga inda muke. Suna so su buɗe jijiyar da ta toshe, sannan su sake hoton. Idan haske ya kai yatsun, akwai fata. Idan bai kai ba, za a cire yatsa, idan kuma aka yi jinkiri, abin zai iya wuce yatsa. Baba ya ƙi yarda. Inna ta yi lallashi, Kawu ya yi faɗa, duk a banza. Jiya ina ɗaure masa ƙafar na matsa masa da tambaya, sai ya ce, “Yayanki ya ce zai zo ƙarshen shekara. Ku bari ya same ni a tsaye tukuna.”

Yaya, ƙafar nan ba za ta kai ƙarshen shekara ba, ni na ga hoton da idona. Tsoro nake ji, ba na iya ɓoye maka. Idan za ka iya zuwa yanzu, ka zo. Idan ba hali, don girman Allah ka kira shi, ka bar zancen ranar zuwanka, ka gaya masa ko a zaune ka same shi, Babanka ne. Daga bakinka kaɗai zai ji.

Ka gaida matarka da kyau, da Babban Mutum da 'yar takwarar Inna. Inna da Kawu da Auta suna gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba.

Ƙanwarka mai jiran kiranka.